Injin BMW mai silinda shida na lita biyu: yadda ake duba shi da wuraren da yake ciwo

Wanda ya saba da mota mai silinda huɗu, ranar da ya fara ɗaga bonet ɗin tsohuwar BMW 320i ko 520i yakan tsaya yana kallo. Inji ne dogo, ya miƙe tun daga bayan lagireto har ya kusa shigewa ƙarƙashin gilashin gaba, fulogi shida a jere. Sai a ce masa ai lita biyu ne kacal. Cc 1991 aka raba wa silinda shida, kowace ta tashi da kusan 332. Ƙananan fistin ne masu gajeren zango, kuma tafiyarsu bibbiyu ce: na 1 da na 6 tare suke hawa da sauka, haka na 2 da na 5, haka na 3 da na 4. Motsin wannan yana kashe na wancan, shi ya sa lafiyayyen injin nan in yana silo sai ka kasa kunne kafin ka tabbatar yana aiki.

Ƙarfensa yana da jimiri ƙwarai, da wuya ka ji an ce karanshaf ko sarƙa ce ta fara kai shi ƙasa. Abin da ke kashe shi roba ce da filastik ɗin da aka kewaye shi da su, musamman a hanyar ruwa. Suna tsufa shiru, rana ɗaya su fashe, inji ya yi zafi sau ɗaya, shi ke nan an shiga babban aiki. Don haka duba shi yana da tsari, kuma tsarin daga ruwa yake farawa. Ko sayen motar za ka yi, ko taka ce kana son sanin halin da take ciki, hanyar ɗaya ce.

Fara sanin wanda ke gabanka

Sunan da ke bayan motar ɗaya ne, amma injin ciki iri biyar ne cikin shekara goma. M50B20 ya fito a 1990 cikin 520i ta E34, daga baya ya shiga 320i ta E36 (lambobin E ɗin nan sunan samfurin jikin motar ne). Bulok ɗinsa baƙin ƙarfe ne, kan silinda alminiyam, kamshaf biyu a sama, bawul 24, kuma sarƙa ce ke juya kamshaf, ba bel ba. Faɗin silinda milimita 80, zangon fistin milimita 66, ƙarfin doki 150, ƙarfin murɗa Nm 190. A 1992 aka ƙara masa VANOS, na'urar da ke matsar da lokacin buɗewar bawul ɗin shan iska, aka kira shi M50TU.

A 1994 M52B20 ya zo da awo iri ɗaya: doki 150 a zagaye 5900 a minti, Nm 190 a zagaye 4200, matsi 11 bisa 1. Bambancinsa babba shi ne bulok ya koma alminiyam. A 1998 aka fitar da M52TU mai VANOS a kamshaf duka biyu, shi ne a 320i ta E46 ta farko-farko da 520i ta E39. A 2000 kuma M54B22 ya gaje shi, an tsawaita zangon fistin zuwa milimita 72, ya zama cc 2171, doki 170, Nm 210, amma motar ta ci gaba da amsa sunan 320i da 520i. Dukansu jerin tashin wutarsu ɗaya: 1-5-3-6-2-4, ana ƙirga silinda ta ɗaya daga gaban mota.

Kada ka dogara da takarda ko bakin mai sayarwa, domin motar da ta haura shekara ashirin ba abin mamaki ba ne an taɓa sauke mata inji an ɗora wani. Ɗauki ɗan mayen ƙarfe ka manna a jikin bulok. In ya kama, M50 ne. In ya faɗo, alminiyam ne, kana tare da M52 ko M54. Sannan dubi totur: M54 ba shi da wayar da ke zuwa daga feda, lantarki ne ke buɗe shi, M52TU kuwa yana da wayar. Lambar injin tana nan a buge a jikin bulok, sai dai yawanci maiƙo ya rufe ta, sai an goge.

Akwai magana ɗaya da ta shafi M52 na farko, wanda aka yi kafin 1998. Maimakon a sa wa silindarsa rigar ƙarfe, an shafe cikinta da wani ƙarfe mai tauri da ake kira Nikasil. Fetur mai sulfa da yawa yana cin wannan shafi, kuma an ga haka sosai a Ingila a shekarun 1990, har kamfanin ya koma sa rigar ƙarfe. Injin da abin ya taɓa yana wahalar tashi da safe, yana rawa a silo, matsi ya ragu. Gwajin matsi ne zai faɗa maka gaskiya, za mu zo kansa.

Mataki na farko: same shi da sanyi

Ka ce kada a tayar da motar kafin ka iso. Da zuwanka ɗora tafin hannu a kan murfin inji. In ka ji ɗumi, an riga ka, kuma rabin abin da ka zo ji ya ɓuya. Gara ka dawo washegari.

Da sanyin nan ne kaɗai za ka buɗe murfin tankin ruwa. Hanyar ruwan injin nan tana riƙe matsi har kusan ba 2 (bar, ma'aunin matsi), in ka buɗe da zafi fuskarka ce za ta biya. Leƙa ciki. Ruwan ya kamata ya kasance mai launi, shuɗi ko kore, garau. In ka ga ruwan kasa-kasa kamar na kwata, ruwan famfo zalla ake zuba masa, kuma ya daɗe yana cin alminiyam daga ciki. In ka ga maiƙo yana yawo a sama, ruwa ba ya tsami banza.

Kafin ka buɗe murfin ma, matsa babban tiyon sama da hannu. Injin da ya kwana ya kamata tiyonsa ya yi laushi. In ya yi tauri kamar tayar keke da aka cika wa iska, akwai zargin iskar ƙonewa tana kutsawa cikin ruwa ta gasket ɗin kan silinda.

Buɗe murfin baƙin mai, juya shi ka duba. Farin kumfa mai kauri yana iya nufin ruwa na haɗuwa da mai. Amma kada ka yanke hukunci da wannan kaɗai: motar da ake yi wa gajeren zango kullum, inji bai gama ɗaukar zafi ba a kashe, takan tara irin wannan daga raɓa. Zaro sandar awon mai ka gani. In man kansa ya koma kalar ƙasa mai haske, nan magana ta girma.

Mataki na biyu: bi hanyar ruwa guntu-guntu

Nan za ka daɗe, kuma ya cancanta.

Famfon ruwa na asali a yawancin waɗannan injuna fukafukinsa na filastik ne. Yakan tsage ko ya saki daga sandarsa, sandar ta ci gaba da juyawa ruwa kuwa yana tsaye. Daga waje ba ka ganin komai, ba yoyo ba ƙara, sai zafi kawai. Abin da za ka iya gani daga waje shi ne lalacewar boris ɗinsa: kama fulin famfon ka girgiza, in yana wasa ya gama aiki. Duba ƙasansa ko akwai farin busasshen sawu kamar na gishiri, alamar ya fara ɗiga.

Gidan tamostat a yawancinsu filastik ne, yana lanƙwashewa ya riƙa tsattsafo. Wuyan lagireto na sama, inda tiyo ke shiga, shi ma filastik ne, in ya tsufa launinsa kan koma ruwan ƙasa, kuma yakan karye gaba ɗaya ba sallama. Tankin ruwa yana tsagewa a tsaye ta gefe, musamman a E46. Haska tocila ka bi kowace mahaɗa. Farin sawu ko kore-kore a wuri, ruwa ya taɓa fita ta nan.

Sai fanka. Wadda inji ke juyawa tana da kuloci mai ɗankon mai a ciki. Inji a kashe, da sanyi, tura ta da yatsa: ta ɗan motsa ta tsaya, daidai ne. In ta yi ta juyawa sakaka, kulocin ya mutu, motar za ta riƙa zafi a cunkoso ta huce a kan babbar hanya. In kuma ta ƙame ƙam, wannan ya fi haɗari, domin a babban gudu fukafukan filastik ɗin kan tarwatse, su huda lagireto, su yanke tiyo, wani lokaci har su lotsa bonet daga ciki. Duba gindin kowane fiffike ko akwai tsaga. In za ka cire ta, notin milimita 32 ne kuma zarensa na hagu ne: inda ka saba ɗaurewa, nan yake kwancewa. Mutane da yawa sun yi ta dukan sifana suna ƙara ɗaure shi. Wasu E46 masu giyar hannu fankar lantarki kaɗai gare su, sai ka tabbatar tana tashi in an kunna na'urar sanyaya ɗaki.

Allurar zafi da ke dashbod ba abokiyar shawara ba ce. An tsara ta ta zauna a tsakiya cikin faɗin zafi mai yawa, don kada ta riƙa tayar wa direba hankali. Lokacin da ka ga ta bar tsakiya ta nufi ja, inji ya riga ya wuce inda ya kamata. Ranar da hakan ta faru, ka sauka gefen titi ka kashe nan take. Kada ka ce bari in ƙarasa, saura kaɗan.

Dalili kuwa shi ne tsawon kan silindar nan. Doguwar alminiyam ce mai ramuka shida, zafi na lanƙwasa ta, wani lokaci ta tsage tsakanin bawul. A M52 da M54 abin ya fi muni: kusoshin da ke ɗaure kan silinda cikin alminiyam ɗin bulok suke shiga, zafi kan sa zaren ramin ya yi laushi. Bakanike ya sa sabon gasket, ya zo ɗaurewa, kusa ta yi ta juyawa ba ta kamawa. Gyaran sai an huda an dasa sabon zare na ƙarfe a kowane rami, aiki ne na mai kayan aiki da haƙuri. M50 mai baƙin ƙarfe ya fi jure wannan, shi ya sa har yau wasu suka fi son sa.

A ganina, duk wanda ya sayi motar nan bai san tarihin hanyar ruwanta ba, ya canza famfo, tamostat, tanki da murfinsa, lagireto da manyan tiyo a zama ɗaya. Shekarunsu ɗaya, wahalarsu ɗaya. In ka canza guda ka bar sauran, matsin da sabon ya riƙe shi zai fasa na kusa da shi, an gudu ba a tsira ba. Kuma kada ka yarda a cire tamostat a jefar wai don inji ya huce. Injin da ba ya kai zafinsa yana shan fetur fiye da ƙima, yana wanke man jikin silinda, kuma a M52TU da M54 tamostat ɗin yana da waya, kwamfutar mota na lura da shi.

Bayan kowane aiki a hanyar ruwa sai an fitar da iska, in ba haka ba sabbin kayan ma za su yi zafi. Ga yadda ake yi. Ɗaga gaban motar kaɗan. Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ba tare da ka tayar da inji ba. Kai hita ƙarshen zafi, fankarta a ƙasa. Kwance ɗan sukurun fitar da iska da ke kusa da bakin tanki. Zuba ruwan a hankali, rabi sinadarin sanyaya inji rabi tataccen ruwa. Da farko za ka ji huci, sai kumfa, sai ruwa mai tsalle-tsalle. Ci gaba har ya fito sumul ba kumfa, sannan ka ɗaure sukurun. Na filastik ne, da yatsu biyu ake ɗaure shi, in ka danna ƙarfi kansa zai guntule. Tayar da inji, jira hita ta kawo zafi, zagaya kaɗan, bar shi ya huce sarai, ka sake duba ruwan.

Mataki na uku: tayar, ka yi shiru

Rediyo a kashe, bonet a buɗe, wani ya murɗa makulli kai kana tsaye a gaba. Ƙaf-ƙaf-ƙaf daga sama na 'yan daƙiƙu, tafet ne ke jiran mai, ba laifi in ya ɗauke da wuri. In ya zarce har inji ya yi zafi, ko an daɗe ba a juye mai ba, ko matsin man ya yi ƙasa. Ƙara kamar tsakuwa cikin gwangwani daga gaban murfin inji, VANOS ne. Bugu mai nauyi daga ƙasa wanda ke bin totur, wannan metal ne, wato boris ɗin karanshaf, rufe bonet ka yi sallama.

Koma baya ka dubi salansa. Farin tururi da safe wanda ke ɓacewa nan da nan raɓa ce. Fari mai kauri da ke ci gaba bayan inji ya yi zafi, mai ɗan ƙamshin zaƙi, ruwa ne ke ƙonewa. Shuɗi mai ne. Baƙi fetur ne ya yi yawa.

Mataki na huɗu: yoyon mai, daga sama zuwa ƙasa

Da wuya ka sami tsohon injin nan a bushe. Abin tambaya shi ne daga ina, domin mai yana gangarowa, iska ta kai shi baya, sai a ɗora wa na ƙasa laifin na sama. Wanke injin, yi tafiyar kwana biyu, sannan ka duba.

Gasket ɗin murfin sama shi ne na farko. Injin a kishingiɗe yake zuwa ɓangaren salansa, saboda haka man da ya tsere kan ƙarfen salansa mai zafi yake ɗiga. In kana tsaye a danja ka ji ƙaurin mai yana shigowa ta ramukan iska, ga mai laifin nan. Zaro kwayil ɗaya ko biyu ka haska ramin fulogi, sau da yawa za ka tarar da fulogin yana iyo cikin mai. Tsohon gasket ɗin yakan bushe ya koma kamar busasshen ƙashi, sai an ɓamɓare shi guntu-guntu, ka kula kada ɓarɓashi ya faɗa cikin inji. Canza har da ƙananan robobin da ke ƙarƙashin notuna, ka ɗaure da Nm 10 kawai. A M52TU da M54 murfin kansa filastik ne, duba shi da kyau ko ya tsage.

Na biyu gasket ɗin gidan filtar mai, a ɗaya ɓangaren. Robar ƙarama ce, amma sai an sauke altaneta kafin a kai gare ta. Alamarsa mai ya jiƙe gefen bulok daga tsakiya zuwa ƙasa, har ya kai ga fanbel. Sau da yawa ana cewa gasket ɗin kaskon mai ne, a tafi babban aiki na sassauta ƙarfen da ke riƙe da inji, a gama yoyo na nan. Kusa da wurin akwai tiyon da ke kai wa VANOS mai, shi ma yana tsattsafo ta bakinsa.

Mataki na biyar: iskar sata

Kwamfutar injin tana auna iskar da ta shigo ta sensa guda da ke bayan filtar iska, ta ba da fetur daidai da ita. Duk iskar da ta shiga ta wata kafa bayan wannan sensa, ba a lissafa da ita ba, sai cakuɗin ya yi ƙarancin fetur. Inji ya riƙa rawa a silo, ya mutu in ka taka burki, ya yi shaƙuwa in ka taka totur. A M52TU da M54 na'urar karanta matsala takan nuna lambobin matsala P0171 da P0174.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon da ya fi tsagewa shi ne baƙar robar nan mai lanƙwasa tsakanin sensa da totur. Na taɓa tsayawa kan wata da aka canza wa sensar iska, aka canza fulogi shida da kwayil biyu, tana nan tana rawa. Da aka cire robar aka lanƙwasa ta a hannu, sai ga tsaga ta buɗe baki a ƙasanta, cikin lungun ninki, tsawon ɗan yatsa. Daga sama lafiya lau take. Saboda haka kada ka duba ta a ɗaure. Cire ta, murɗa ta ta kowane gefe, musamman inda ƙaramin reshe ya fita zuwa bawul ɗin silo.

Bayan ita, a M52 da M54, sai bawul mai raba mai da tururin cikin inji, wanda ake kira CCV, yana ɓoye ƙarƙashin manifol tare da tiyoyinsa na filastik masu karyewa da an taɓa. Gwajinsa ba wuya: inji na silo, kwance murfin baƙin mai. Ɗan zuƙa kaɗan daidai ne. In murfin ya manne sai ka yi kokawa da shi, ko ka ji inji na fito kamar busa, robar cikin bawul ɗin ta yage, kuma yana iya zuƙar mai ya kai cikin silinda, ka ga shuɗin hayaƙi ka zaci ringi ne. A M52TU da M54 akwai kuma DISA, wani faifai a gefen manifol da ke sauya tsawon hanyar iska. Kusoshi biyu ke riƙe da shi. Cire shi ka taɓa faifan: in yana lilo sakaka ko yana kaɗawa, a gyara ko a canza kafin wani guntu ya ɓalle ya bi iska zuwa cikin inji. In duk ka duba ba ka gani ba, a busa hayaƙi cikin hanyar iskar da na'ura, zai fito ta inda ɓarakar take.

Mataki na shida: VANOS

Matsin baƙin mai ne ke tura wani ɗan fistin, shi kuma ya murɗa kamshaf gaba ko baya. Zoben robar da ke riƙe matsin yana ƙanƙancewa da zafi da shekaru, mai ya riƙa zillewa. Motar sai ta yi nauyi ƙasa da zagaye 3000, daga nan ta zabura kamar an sake ta, da safe kuma silo ya riƙa hawa da sauka. Ba sai an sayi sabuwar na'ura ba, ana sayar da zobban roba irin Viton masu jure zafi. Mai VANOS biyu ya fi sauƙin cirewa. Mai guda ɗaya kuwa sai an kulle kamshaf da karanshaf da kayan kulle na musamman, in bakanike ya ce zai yi da ido, ɗauke motarka.

Sai dai a yi wa injin adalci. Lita biyu ne a cikin mota mai nauyi, kuma ƙarfinsa a sama yake, sai ya haura zagaye 4000 yake nuna kansa. Wanda ya saba da babban inji zai ce ba ya ja, alhali halinsa ke nan.

Mataki na bakwai: wuta

Kowane fulogi da kwayil ɗinsa. In silinda ɗaya na tsallake, ka ce ta 3, ɗauke kwayil ɗinta ka musanya da na ta 5. Matsalar ta bi shi, kwayil ne. Ta tsaya a 3, musanya fulogi, sannan ka waiwayi nozul. Sensar kamshaf in ta fara mutuwa mota kan daɗe tana kik ko ta mutu a tsaye, ta karanshaf kuwa takan hana ta tashi ɗungurungum, musamman da zafi. A waɗannan biyun sayi na kirki, araha ba ta ado.

Mataki na takwas: gwajin matsi

Wannan ne alƙali, musamman ga M52 mai Nikasil da duk injin da ake zargin ya taɓa zafi. Inji da ɗumi, batir cike. Cire fis ɗin famfon fetur, bar inji ya ƙone abin da ya rage ya mutu. Cire kwayil da fulogi duka shida. Ɗaura ma'auni a silinda ta ɗaya, taka totur har ƙasa, yi kik har allura ta daina hawa, rubuta. Haka har shida.

Ƙasa da ba 10 abin damuwa ne, amma tazarar da ke tsakaninsu ta fi lambar kanta magana. In wata ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin 100, zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi ka sake gwadawa. Lamba ta hau, ringi ne ko jikin silinda. Ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket. Maƙwabta biyu suka faɗi tare, gasket ya ƙone a tsakaninsu. Tun da fulogan suna hannunka, jera su bisa tsari ka duba. Wanda ya fita fes kamar sabo a cikin 'yan'uwansa masu launin toka, tururin ruwa ne ya wanke shi.

Mai, da noti ɗaya da ke can ƙasa

M52 da M54 suna cin lita 6.5 tare da filta. Filtar ta takarda ce, a sama take cikin gida mai murfin da ake kwancewa da soket 36, a ɗaure da Nm 25, a sa sabon zoben roba kowane juyi. Mai na roba 5W-30 ko 5W-40 mai kyau ya wadatar. Fitilar sabis ta motar tana ba da tazara mai tsawo, amma tsohon inji mai VANOS da tafet masu aiki da mai, ni ba na wuce kilomita 10,000 da shi. M54 an san shi da shan mai ta ringi in ya tsufa, saboda haka a riƙa zaro sanda ana dubawa, kada a jira fitila. Feturin da ya dace da matsi 11 bisa 1 shi ne mai oktan 95. M52 da M54 suna da sensa biyu masu jin ƙwanƙwasa, in fetur ya yi rauni sukan ja wuta baya, inji ya tsira amma ƙarfi ya ragu.

A cikin kaskon mai akwai noti guda mai zaren hagu da ke riƙe da haƙorin famfon mai. A injin da ake yawan kaiwa ƙarshen zagaye yakan kwance, matsin mai ya ɗauke lokaci ɗaya. Duk ranar da aka sauke kasko don wani aiki, a duba shi, a sa masa gam ɗin kusa ko a ɗaure shi da waya. Fitilar mai in ta kama rawaya, mai ne ya ragu. In ta kama ja kana tafiya, kashe inji kafin ka gama tunanin dalili.

Mataki na ƙarshe: hau titi

Haɗa na'urar karanta matsala in motar na karɓa, ka sa ta nuna ainihin zafin ruwa a lamba. Yi tafiyar aƙalla minti ashirin: cunkoso, hawa, da wuri ɗaya da za ka ja giya ta biyu ko ta uku har zagaye 6000. Ya kamata ya hau sumul, ba shaƙuwa ba rami a tsakiya. Saki totur daga babban gudu ka bar motar ta gangara, sannan ka sake takawa kana kallon madubi. Gajimaren shuɗi a nan robobin bawul ne ko ringi.

Da ka dawo kada ka kashe. Bar shi yana silo minti goma da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, idonka a kan lambar zafi, kunnenka a kan fanka. Kunna hita ka ji ko tana kawo zafi a tsaye, in sai an taka totur take ɗumi, akwai iska a hanyar ruwa ko famfo ya gaji. Sannan ka kashe, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji, ka yi wa tankin ruwa alama da alli daidai inda ruwan zai tsaya in ya huce. Da safe ka zo ka duba kwalin, ka duba alamar, ka sake matsa tiyon sama.